Tukunyar Rana ta Yaya Kulu

Shekara tara ke nan da muka kai yayata Hauwa'u makwancinta, wadda duk Wurno ta sani da Kulu. Cikin watan Shawwal ne, tana tsakiyar azumin shida na bayan salla, ta ce kanta yana sara mata, kafin la'asar rai ya yi halinsa. Tun daga lokacin, duk shekara idan watan ya zagayo nakan tara 'ya'yanta da jikokinta a yi mata addu'a, a raba masa, in ɗan ba su labarinta. Ban taɓa tunanin kawo ta shafin jarida ba. Ba ta yi boko ba, kuma da za ta ji na sa sunanta a takarda da ta ce na rasa aikin yi ne. Bana ne abin ya fi ƙarfina, kuma wadda ta jawo haka jikarta ce mai sunanta, yarinyar da ba ta ma san ta girgiza ni ba.

Ummi muke ce mata, tunda ubanta ba zai iya kama sunan mahaifiyarsa ba. Shekararta goma sha bakwai, tana ajin ƙarshe a wata makarantar kwana ta 'yan mata ta gwamnati, irin waɗanda aka tattara yaran yankinmu a ciki tun da 'yan bindiga suka hana ƙauyuka sakat. Ba zan faɗi sunan makarantar ba, don ba ita kaɗai nake nufi ba. Washegarin salla suka zo daga Rabah gaishe ni, muna zaune gindin dogon yaro a tsakar gida, ina tsokanarta cewa azumi ya tsotse ta har kunnuwanta sun ƙara tsawo. Ta yi dariya, sannan ta gyara zama irin na mai kawo albishir.

Ta ce, "Kaka, bana makarantarmu ba wadda tac ci abinci da rana. Ko guda. Har Kiristoci sun yi azumi."

Na ce, "Musulunta sunka yi?"

"A'a, mu dai munka tsare. Ai ni ta shugabar ɗakin cin abinci."

Sai ta shiga yi mini bayani dalla-dalla, fuskarta cike da fara'a. Tun ranar farko ita da sauran shugabannin ɗalibai suka bi akwatuna suka kwashe garin kwaki da biskit da ƙuli, suka kulle a wuri ɗaya, ba a ba mai shi sai an sha ruwa. Bayan azahar kuma sukan tsaya a ƙofar aji, kowace yarinya ta fito da harshenta a duba. Wadda aka ga nata da danshi, sai ta yi sharar fili cikin rana. Wannan duba harshe mun yi shi muna yara a Wurno, wasa ne, mu tare juna a lungu mu ce fito da shi mu gani, a yi dariya a watse. Ban taɓa zaton zan rayu in ji ya zama aikin hukuma a makarantar gwamnati ba.

Na tambaye ta ko ba wadda abin ya wahalar. Ta ce akwai wata Saratu, Kirista ce, 'yar wani makanike Bazure, mutumin Zuru, da ke zaune a Goronyo, mai fama da gyambon ciki. Ana saura kwana goma salla ta yanke jiki ta faɗi a aji.

"Ina take yanzu?"

"Ubanta yaz zo yat tahi da ita. An ce ba ta komowa."

"Ba ajinku guda ba? Jarrabawar hita hwa?"

"Ajinmu guda, gadonmu ma guda, ita bisa ni ƙasa. Ni ka ba ta ƙosaina in an sha ruwa." Sannan ta ƙara da cewa, "Ai kakata ma haka take, ba ta wasa da azumi. Kai kac ce."

Kofin shayin da ke hannuna na ajiye shi ƙasa. Na dubi yarinyar nan, goshin Kulu, haƙoran Kulu, har yadda take karkata kai idan tana jiran a yaba mata, ga shi tana gaya mini da sunan Kulu ta tsare abinci daga bakin marar lafiya. Ummi ba muguwa ba ce, kowa ya shaida. Yarinya ce da aka ce mata ga alheri, ta kama shi da hannu biyu. Saura makonni kaɗan a fara jarrabawar da Saratu ta yi shekara shida tana jira, kuma jininmu ne ya fitar da ita daga makaranta.

Bari in gaya muku wace ce Kulu, don na lura har a gidanmu ba a san ta ba.

Mu 'ya'yan malamai ne, gidan allo da littattafai tun kakanni. Da mijin Kulu ya rasu ya bar ta da yara huɗu, ba ta yarda ta zauna jiran zakkar dangi ba. Ta nemi aikin girki a wata makarantar kwana ta 'yan mata a nan gabas, inda ni nake koyar da darasin zaman jama'a. Dangi sun yi ta gunaguni, wai 'yar Malam da ludayin gwamnati, ita kuwa ko a jikinta. Cikin 'yan shekaru aka ba ta shugabancin masu girki, don ba ta satar mai kuma ba ta barin a sata. 'Yan mata suna ce mata Inna Kulu, suna tsoronta fiye da yadda suke tsoron shugabar makaranta.

Al'adar makarantar a lokacin, idan azumi ya kama, daga sahur ba a sake hura wuta sai bayan la'asar. Ba wanda ya rubuta haka, ba wanda ya ba da umarni. Haka aka tarar, haka ake yi. Akwai 'yan mata Kirista huɗu a makarantar, 'ya'yan ma'aikatan madatsar ruwa da na wani ɗan sanda, kuma a duk shekarun da na yi a wurin ban taɓa tambayar kaina abin da suke ci da rana ba. Ni da nake tsayawa gaban allo ina karanta musu cewa dokar ƙasa ta hana a tilasta wa ɗalibi ibadar da ba ta addininsa ba, har in ba su jarrabawa a kai, in cire maki idan sun manta.

Azumin shekarar da aka ba ta shugabanci ya faɗo ƙarshen damina, gero ya nuna, zafin nan mai sa riga ta manne a baya. Rana ta uku Kulu ta zaga bayan ɗakin girki duba itace, sai ta tarar da ɗaya daga cikinsu, Rifkatu, tsugune tsakanin tarin itacen da bango, tana cusa busasshen gari a baki da sauri. Da yarinyar ta gan ta sai ta ƙware, ta shiga tari tana ba da haƙuri. Kulu ta gaya mini daga baya cewa ba garin ne ya tsaya mata a rai ba, haƙurin da yarinyar ke bayarwa ne.

Washegari da hantsi ta ɗora tukunya. Ba ta shawarci kowa ba, ba ta rubuta takarda ba, ta ɗebi shinkafa da wake daidai rabon mutum huɗu ta hura wuta. Itacen ɗanye ne saboda damina, hayaƙi ya turnuƙe ya tashi sama, ana hango shi daga cikin gari. Da azahar ta aika aka kira yaran, ta zaunar da su a kan benci a ɗakin cin abinci, ta tura ƙofa saboda masu azumi, ta ce su ci a hankali ba mai korarsu. Tunda ita tana azumi ba ta ɗanɗana miya, sai ta riƙa kiran Rifkatu ta ɗanɗana mata gishiri. Rifkatu kuwa da ta saba, har ƙorafi take yi wai yaji ya yi kaɗan, Kulu ta ce ta je ta gaya wa gwamna.

Abin da ba wanda ya yi tsammani shi ne, kafin mako ya ƙare masu zuwa sun haura ashirin. Sauran duk 'ya'yan Musulmi ne: masu al'ada, masu sikila, wata mai shan maganin da likita ya ce kada ta sha shi da yunwa. Addini ya sauke musu azumin, amma kunya ta hana su ci, suna yini da yunwar da ba lada a cikinta. Ashe su ma jira suke wani ya buɗe ƙofa. Na daɗe ina juya wannan a raina. Tukunyar da aka ɗora don yara huɗu da ba namu ba, yawancin waɗanda suka ci daga cikinta namu ne.

Gari kuwa ya ɗauka. Mata masu talla a bakin ƙofar makaranta suka kai labari kasuwa, daga kasuwa ya hau mota ya iso Wurno. Aka sa mata suna Kulu Mai Hayaƙi. Shugabar makarantar, wata Hajiya mai tsoron hayaniya fiye da komai, ta kira ni ofis ta ce ita ba ta ce laifi ba ne, amma tunda yayata ce in lallashe ta. Ta ce ba wanda ya hana yaran ci, dafawa ce kawai ba a yi. Na amsa da to, har ina jin daɗi an ga girmana.

Na same ta a gaban murhu, ido ya yi ja saboda hayaƙi, leɓenta a bushe. Na yi gyaran murya irin ta malaman makaranta na kawo shawarar da na ɗauka hikima ce: ta riƙa rage tuwon sahur a kai wa yaran ɗaki a rufe, ba hayaƙi, ba magana.

Ta ce, "Kai kana iya cin tuwon asuba da azahar cikin wanga zahi? Ya yi tsami tun hantsi."

Na ce, "Yaya, mutane na magana. Sunan gidanmu ake kamawa."

"Mi sunka ce? Haram na?"

"Ba su ce haram ba."

"To abin da ba haram ba, ba ni ɓoye shi kamar na sata. Ni an ɗauke ni in dahwa ma ɗiyan gwamnati abinci. Ba a ce min ɗiyan da ka azumi kaɗai ba." Ta nuna murhu da haɓa. "Tunda kaz zo, tura min iccen ga."

Na kuwa duƙa da babbar rigata na tura, don tun ina yaro ban iya yi mata musu ba. Ina ɗagowa na hangi wani abokin aikina yana wucewa ya gan ni. Abin da na yi bayan haka shi ne abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai bana. Na koma ofishin malamai na ce na yi mata faɗa sosai, ba da yawuna take yi ba, amma kun san mace idan ta fara tsufa da taurin kai. Aka yi dariya, har da ni. Na sayar da yayata don kada a ce da ni ƙanin Mai Hayaƙi.

Maganar ta kai ga baffanmu, limamin unguwarmu a Wurno, ya aika ta zo. Ina wurin. Ya saurare ta har ta gama, ya ce a ilimi dai ba ta yi kuskure ba, wanda azumi bai hau kansa ba ba a hana shi ci, kuma ciyar da mai jin yunwa ba ya karya azumin kowa. Amma ya roƙe ta ta bari saboda bakin mutane. Kulu tana durƙushe, kanta a ƙasa, ta ce, "Baffa, masu maganar ga sun yi sahur, kuma kunu na jiransu da magariba." Baffa ya daɗe yana jan carbi. Daga ƙarshe ya ce ta tashi ta tafi, Allah ya yi mata albarka.

Ba a banza ta sha ba. Matan da take jagoranta zuwa tafsiri suka daina biyo mata. Akwai gidan da aka daina aiko mata da goron suna. Ta ji ciwo, na sani, don wata rana na tarar da ita tana kuka a ɗakinta ta ce hayaƙi ne, alhali ranar hutunta ce ba ta je aiki ba. Duk da haka, kowane azumi har ta yi ritaya, tukunyar rana ba ta fasa hawa murhu ba. Rifkatu da 'yan uwanta suka gama karatunsu suka tafi. Ban san inda suke ba, kuma ba wadda ta dawo da kyauta ko godiya, Kulu ma ba ta taɓa jira ba.

Da ta bar aiki abin ya mutu a hankali. Wadda ta gaje ta ta yi shekara ɗaya ta ga ba za ta iya da surutu ba. Ni kuma, mai biro da takarda, mai shiga taron malamai, ban taɓa tashi na ce a rubuta shi ya zama ƙa'ida ba. Ranar da Kulu ta rasu, masu ta'aziyya suka yi ta yabon azumin Litinin da Alhamis ɗinta da allonta da ba ta ajiye ba har tsufa. Ba wanda ya ambaci hayaƙi, ni ma na ji daɗi da ba a ambata ba. Haka na ci gaba duk shekara, ina ba jikokinta labarin mai azumi, ina tsallake labarin mai ciyarwa. Ummi ba ta ƙirƙiri kakarta ba, wadda na ba ta ce ta ɗauka.

A ranar, a gindin dogon yaron nan, na kwashe duka na gaya mata, har da abin da na faɗa a ofishin malamai. Na zaci za ta yi kuka. Fushi ta yi. Ta ce, "To don mi ba ku taɓa hwaɗa muna ba?" Ta tashi ta shige ɗakin mata, ba ta sake fitowa ba sai da za su tafi. Ubanta ma, ɗan Kulu na cikinta, ya ce shi dai ya san ana kiran Inna da wani suna, amma bai taɓa bin dalili ba.

Na kira wata tsohuwar ɗalibata da ke koyarwa a makarantar su Ummi, na tambaye ta yadda aka yi malamai suna gani yara suna binciken akwatin yara. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce ai su ba su sa kowa ba, himmar ɗalibai ce. Sannan ta ce, "Malam, ba wanda yah hana su ci. Dahwawa ta dai ba a yi." Maganar da aka gaya mini a ofis shekara kusan ashirin da suka wuce ce ta dawo ba a canja mata ko harafi ba, kuma daga bakin wadda ni na koyar.

Ina tambayar kaina abin da Kulu za ta ce da ta ga yau. Mu ne masu ɗaga murya idan muka ji an hana 'yarmu sa hijabi ko an hana ɗanmu zuwa masallacin Juma'a a wata makarantar gwamnati can kudu, kuma muna da gaskiya, makarantar gwamnati ta kowa ce. To me ya sa idan makarantar ta faɗo garinmu sai ta zama tamu mu kaɗai? A zamanin Kulu sakaci ne, an manta da yaran ne kawai. Yanzu an tuna da su, an bi su har cikin akwati da cikin baki. Ban ce ko'ina haka ake ba, na san makarantun da malamai ke tsaye a kan gaskiya. Amma ina jin da tana nan ba za ta tsaya rubuta dogon bayani irin nawa ba, ashana za ta nema.

Ranar kasuwar Goronyo na shiga motar safe, duk da iyalina sun ce hanya ba ta da tabbas. Ban sha wahalar gano Ayuba mahaifin Saratu ba. Rumfarsa tana bayan 'yan albasa, injinan ban ruwa jere a gabanta, manoman ƙauyen Shinaka da na fadama suna jiran a gyara musu. Fiye da shekara ashirin yana garin, Hausarsa irin tamu ce. Na tarar da shi yana cin shinkafa da wake a kwano. Ya ba ni benci, ya miƙo mini ruwan leda, na ce na gode ina azumin shida ne. Kafin in rufe baki ya tura kwanonsa ƙarƙashin benci ya goge hannu a wando. Na ce don Allah ya ci abincinsa. Ya ce ai ya ƙoshi. Mutum a rumfarsa, da guminsa, a watan da ba na azumin farilla ba. Kunya ta rufe ni har na kasa duban idonsa.

Na gaya masa ko ni wane ne da abin da ya kawo ni. Na ce jikata ce ta yi, na zo ba da haƙuri, kuma na zo roƙon a mayar da Saratu ta rubuta jarrabawarta. Na ce ina da 'ya mai aure kusa da makarantar, yarinyar za ta iya zama wurinta tana zuwa daga gida. Ya saurare ni ba tare da ya katse ni ba.

Ya ce, "Malam, na gode da tattaki. Ni ban riƙe kowa ba, yara na. Amma da niz zo ɗaukarta, ban gane ɗiyata ba. Likita yac ce saura kaɗan cikin ya huje. Uwatta ta rantse ba ta ƙara kwana can, kuma in ta koma ajin, waɗanda sunka duba bakinta su za ta zamna tsakaninsu." Ya ce sun gama magana da ƙanwarsa a Zuru, ranar Asabar za a sa ta mota, ta maimaita aji a can baɗi. Ƙanwarta da ke shirin shiga aji ɗaya ma can za ta bi ta. Na yi ta kawo dalilai, shekara guda ba wasa ba ce, an riga an yi mata rajista. Ya ce ya sani, shi ya fi kowa sani.

Na roƙi in ga yarinyar. Ya buga waya gida, ba a jima ba ta zo, doguwa, siririya, da ɗankwali a kanta. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda jikokina ke yi. Na shirya maganata tun a mota: zan gaya mata ba ta yi laifin komai ba, haƙƙinta ne ta ci ta sha a makarantar gwamnati, mu ne muka zalunce ta. Ina ambaton sunan Ummi ta ɗago kai da sauri.

Ta ce, "Baba, wallahi ban ci komi ba. Ko ranar da nih hwaɗi ban ci ba. Ranar da tag ga ruwa a bakina, huska niw wanke. Don Allah ka hwaɗa mata, kar ta ɗauka ƙarya niy yi mata."

Na zo in gaya mata tana da 'yancin ci, ita kuwa rantsuwa take yi mini cewa ba ta ci ba. Kwana ashirin suka ishe mu mu koya wa yarinyar da azumi bai hau kanta ba cewa loma a bakinta abin kunya ce, ta kuma yarda har zuciyarta. Na yi ƙoƙarin faɗin abin da na shirya, ya fito a karkace, ita dai tana gyaɗa kai don ladabi. Da na tashi tafiya ta sake cewa kada in manta da saƙonta.

A motar dawowa na yi ta auna abin da ya rage na Kulu bayan shekara tara. Sunanta yana nan, an maimaita shi a gida uku. Allonta yana rataye a ɗakin babban ɗanta. Akwai mata a garuruwan da ban sani ba, wasu Musulmi wasu Kirista, yanzu iyaye ne, waɗanda suka gama makaranta da lafiyarsu saboda wata mai girki ta ƙi jin maganar ƙaninta. Wannan ba mai ƙwace mata shi, yana wurin Allah. Amma aikin kansa bai rayu bayanta ba, don ya tsaya a kan mace ɗaya ne, mu masu ilimin da ya kamata mu tallafe shi muka ja baya muna kallo. Allah ya jiƙan Yaya Kulu, ya shayar da ita kamar yadda ta shayar, ya sa azuminta da girkinta duka a mizani ɗaya.

Saratu ta tafi Zuru ranar Asabar kamar yadda ubanta ya faɗa. Ummi ta koma makaranta, jarrabawa ta kusa, ta kira ni sau biyu tana tambayar yadda muka yi a Goronyo, ina ce mata sai ta zo hutu. Saƙon yana nan wurina ban isar ba. Ban san da wane baki zan gaya wa jikar Kulu cewa yarinyar da ta rasa shekararta saboda mu, babban abin da ke damunta shi ne Ummi ta yarda ba ta ci ba.